Mudu Biyu A Kasuwar Duniya

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi, ko ta Bodija a Badun ko ta Mile 12 a Ikko, ya san hukuncin mutumin da aka kama da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ba a jiran alƙali. Sarkin kasuwa da dattawan layi su ne za su karɓe mudun, su kunyata mai shi a bainar jama'a, in ya sake a kore shi, domin sun san in aka ƙyale shi sunan kowa zai ɓaci. To, maganarmu ta yau a kan wata kasuwa ce wadda ta fi waɗannan girma nesa ba kusa ba, watau kasuwar da ke ci tsakanin ƙasa da ƙasa. A can mudu biyu ya zama ƙa'ida, har ana buga masa hatimi a ba shi takardar shaida. Akwai mudun da ake auna wa mutanen manyan ƙasashe abin da za su ci su sha, akwai kuma wanda ake auna mana. Shekara 40 ke nan da ɗoriya wakilan gwamnatoci suna taruwa a Janiba da Niyok da sunan haɗa kai don kare mai saye, har yanzu ba a sami sarkin kasuwar da zai karɓe mudun ba.

Bari mu soma da Gambiya. Daga watan Yuli na 2022 likitoci a Banjul suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Ana kawo musu yara ƙanana, galibinsu ba su kai shekara 5 ba, da zazzaɓi da amai, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya, sai a miƙa wa uwa gawa. Kafin a kamo bakin zaren yara wajen 70 sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya haɗa su shi ne maganin tari da mura na ruwa, wanda iyayensu suka saya da guminsu, suka ɗura wa 'ya'yansu da hannunsu suna fatan sauƙi. Gambiya kuwa ba ta da ɗakin awon da zai iya gano abin da ke cikin kwalbar. Sai da aka kwashi samfur aka kai ƙasashen waje, sa'an nan ran 5 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa magunguna 4 na kamfanin Maiden Pharmaceuticals, da ke jihar Haryana ta ƙasar Indiya, suna ɗauke da guba.

Gubar ba baƙuwa ba ce. Sunanta dayatilin gilaikol, wani ruwa ne mai kauri da ɗan zaƙi da ake sawa a man birki da ruwan sanyaya inji. A ido ba a rarrabe shi da ruwan da masu haɗa magani kan narkar da magani a ciki, ga shi kuma ya fi araha. Saboda haka maras tsoron Allah yakan cika duro da shi, ya manna takardar na gaskiya, ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, har ya isa tukunyar da ake dafa maganin jarirai. Tun 1937 aka san aikinsa. A shekarar nan ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka, bai kuwa cika shekara ba majalisarsu ta yi dokar 1938 wadda ta tilasta a tabbatar da lafiyar sabon magani kafin a sayar. Su sau ɗaya ya sare su suka toshe ramin. Amma ya sake kashe yara a Bangaladash, ya kashe kusan 90 a Haiti a 1995 da 1996, ya yi ɓarna a Fanama a 2006. A Haiti da Fanama an bi sawun durorin har ƙasar Sin, an kuma tarar sun ratsa ta hannun dillalan Turai, kowane dillali ya ɗora ribarsa ya miƙa gaba.

Me Indiya ta ce da aka tuhume ta? Hukumarta ta magunguna ta rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ita ta auna samfurinta ba ta ga komai ba, wai an yi garajen ɓata sunan masana'antunta. Kamfanin ma ya musa, ko da yake kwamitin majalisar dokokin Gambiya ya ɗora masa alhakin. Amma akwai wata magana da hukumomin Indiya suka yi don kwantar da hankalin mutanensu, wadda ya kamata kowane ɗan Afirka ya riƙe. Cewa suka yi kada 'yan ƙasa su damu, waɗannan magunguna ba a ba da iznin sayar da su a Indiya ba, don fitarwa kaɗai aka yi su. Ku sake karanta wannan. Don fitarwa kaɗai! Watau akwai wanda aka yi don ɗan gida, akwai wanda aka yi don ɗan Banjul. Kafin shekarar ta ƙare, maganin wani kamfanin Indiya dabam ya soma kashe yara a Uzbekistan, daga baya aka ƙidaya 68. Sai a watan Yuni na 2023 Indiya ta wajabta a auna maganin tari a ɗakin gwamnati kafin a fitar da shi. Ihu bayan hari. Da yake kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, zuwa Oktoban 2025 gubar nan ta kashe yara fiye da 20 a jihar Madhya Pradesh, cikin Indiya kanta.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A 1990 gubar nan ta shiga maganin zazzaɓin yara a ƙasar nan, yara 109 suka mutu a Jos da Badun. A ƙarshen 2008 ta dawo cikin maganin fitar haƙora mai suna My Pikin, wanda aka yi a Ikko, ta ɗauke yara 84, daga Zariya har Ikko. Sai a 2013 kotun tarayya ta ɗaure ma'aikatan kamfanin 2 shekara 7-7. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun san ɗan kemis ɗin lungu a Agege ko Idi Araba ko Sabon Shagamu, inda mai gadi ko mai shayi kan tsaya da dare ya sayi kwalba ɗaya don yaro na kuka, tun da asibiti na da nisa, kuɗin kati ma aiki ne. Mutumin nan ba shi da wata hanya ta sanin abin da ke cikin kwalbar. Mai kemis ɗin ma ba shi da ita.

To, ina haɗin kan duniya da ake ta yi mana kirarinsa? Ga tarihinsa a gurguje. A watan Mayu na 1981 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar tallan madarar jarirai, bayan an shafe shekaru ana kuka da kamfanoni irin su Nestlé, masu sa wa 'yan talla kayan nas suna rarrashin mata su bar nono su kama gwangwani, a ƙasashen da ruwan dama madarar ma ba shi da tsabta. Ƙasa 118 suka yarda, ƙasa ɗaya tak ta ƙi, ita ce Amurka. A farkon shekarar nan Shugaba Carter, yana gab da sauka, ya sa hannu a kan umurnin taƙaita fitar da kayan da aka haramta a Amurka zuwa wasu ƙasashe. Reagan na hawa, cikin wata guda ya soke shi. A 1982 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawarar a riƙa tattara sunayen kayan da ƙasashe suka haramta ko suka janye daga kasuwa, don ƙananan ƙasashe su sani. Nan ma Amurka ita kaɗai ta jefa ƙuri'ar ƙi. Sa'an nan a watan Afrilu na 1985 aka zartar da Jagororin Kare Mai Saye na Majalisar, aka faɗaɗa su a 1999, aka sake gyara su a 2015, aka danƙa riƙonsu ga hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar, watau UNCTAD.

Takardar tana da daɗin karatu, ba mu musa ba. Ta ce mai saye yana da hakkin a kare lafiyarsa, a gaya masa gaskiyar abin da yake saye, a biya shi in an cuce shi. Ƙasashe da dama, har da tamu, sun ɗebi abubuwa daga cikinta sun sa a dokokinsu. Sai dai kafin a yarda da ita an bi an cire mata haƙora ɗaya bayan ɗaya. Shawara ce kurum. Wanda ya ga dama ya bi, wanda ya ƙi ba kotun da za ta kira shi, ba tarar da za a ci shi. A 2020 taron UNCTAD ya ƙara wata shawara, cewa ya kamata ƙasashe su hana fitar da kayan da aka san suna da haɗari. "Ya kamata." Shekara 2 bayan wannan "ya kamata" aka binne yaran Banjul. A ɗaya gefen kuwa, ku dubi yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 1995 a kan hakkin mallakar fasaha. Wannan ba shawara ba ce. Ƙasar da ta bari aka kwaikwayi maganin babban kamfani ba da izni ba, ana iya kai ta ƙara, a ƙaƙaba mata takunkumin ciniki. Ashe an san yadda ake yin doka mai cizo. Ribar mai kamfani aka yi wa ita, ran mai saye aka bar shi da nasiha.

Masu kare wannan tsari suna da hujjojinsu, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ba. Ta farko, wai kowace ƙasa mai 'yanci ce, ita za ta tsare ƙofarta, ba aikin Indiya ko Holan ba ne su zaɓa wa Gambiya abin da za ta saya. Maganar tana da kama da girmamawa, amma ganin kitse ake yi wa rogo. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, wadda a 2022 ba ta da ɗakin awon magani ko ɗaya, ita za a ce ta auna kowace kwalba? Alhali ƙasar da masana'antar take ita ke da sufetoci, ita ta ba da lasin, ita ke karɓar haraji, ita ce kuma za ta iya shiga ta buɗe duro tun ba a zuba ba. Awo ɗaya a bakin tukunya ya fi awo dubu a bakin iyaka sauƙi da araha. Wanda ke da ikon hanawa ya ƙi, ya tura wa wanda ya san ba shi da iko, ba 'yancinsa ya girmama ba, wanke hannu ya yi.

Ta biyu, wai mu talakawa ne, araha muke so, in aka tsananta ƙa'ida kaya za su yi tsada su gagare mu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Haka ne, wanda ya sayi rariya yana ganin hudojinta. Uwar da ta sayi maganin tari ba ta ga kome ba sai hoton yaro yana murmushi. Mun yarda a sayar mana da atamfa mai kwana kaɗan, da tocilan mai mutuwa bayan wata guda, wannan cinikin ido da ido ne. Guba kuwa ba ƙaramin daraja ba ne na magani, wani abu ne dabam. Ba ma kuma tuhumar magungunan Indiya baki ɗaya. Ba don arahar magungunanta ba da miliyoyin masu ƙanjamau da tarin fuka a nahiyar nan ba su kai yau ba. Wannan ne ma ya sa maganar ta yi nauyi, domin wanda jama'a suka dogara da shi haka, shi ya fi cancanta a tsare masa mudu.

Yanzu ga wadda ta shafi 'yan'uwanmu masu harkar hatsi kai tsaye. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwarin nan daikulobos a cikinsa, wanda muka sani da fiya-fiya, fiye da ƙimar da suka yarda da ita. Ba mu ga laifinsu ba. Sun auna, sun gani, suka hana, cikin 'yan kwanaki kuma kowace tashar jirgi daga Landan har Atina ta sami labari, domin suna da tsarin gargaɗin gaggawa a tsakaninsu. Amma wa ya tambayi inda sauran waken ya tafi? Wanda ba a kai Turai ba, shi aka ɗora a tirela daga Dawanau zuwa Kurmi, shi aka yi ƙosai da alale da shi. Mu muka ci. Sa'an nan ku ji ɗaya ɓarin. Binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta yi da wasu 'yan jarida na Ingila ya nuna cewa a 2018 kaɗai ƙasashen Tarayyar Turai sun ba da iznin fitar da fiye da tan 81,000 na magungunan feshi masu ɗauke da sinadarai 41 da aka haramta a gonakinsu. Kan gaba a ciki shi ne farakwat, maganin ciyawar da Turai ta hana tun 2007, amma aka ci gaba da dafa shi a Ingila ana lodawa zuwa waje. Watau ba su yarda manominsu ya taɓa ba, ba su yarda ɓurɓushinsa ya dawo musu cikin abinci ba, amma sun yarda a yi shi a ƙasarsu a sayar wa manomin da ke feshi ba takalmi ba safar hannu. Faransa da Beljiyam sun yi dokar hana irin wannan fitarwa. Hukumar Tarayyar kuwa a 2020 ta yi alkawarin hanawa gaba ɗaya, aka shiga shekaru ana jiran cikawa.

In an sami wake mai guba a kasuwa, wa ake zagi? Bahaushen da ke zaune a bakin buhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba ya wanke wanda ya zuba fiya-fiya a buhu yana sane, za mu dawo kansa.

Haka labarin mai yake. A 2016 Public Eye ta auna man dizal a gidajen mai na ƙasashen Afirka 8, ta sami wanda farar wutar da ke cikinsa ta ninka abin da Turai ta yarda da shi har sau 378. A tashoshin Amsadam da Rotadam da Antuwaf ake cakuɗa shi, 'yan kasuwar man kuma har suna suka raɗa masa, wai "ingancin Afirka". Ba su karya dokar kowa ba, domin dokokinmu ne suka bar ƙofa a buɗe. Direba da ɗan acaɓa da mai tura baro a Apapa su suka shaƙi hayaƙin. A Disamba ta wannan shekara Nijeriya da Binin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka yi alkawari a Abuja za su rage ƙimar, aka yi ta ɗaga ranar. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, sa'ad da fetur mai haɗe da metanol ya shigo daga Antuwaf, injuna suka lalace, layin mai ya toshe titunan Ikko. Kamfanin mai na ƙasa da bakinsa ya ce takardun tashar da aka yi lodi sun nuna man lafiya lau, kuma awon da aka saba yi ba ya neman metanol. Abin da ya fara rage wannan ƙazamin ciniki daga tushe shi ne da Holan, sa'an nan Beljiyam, suka hana a fitar da irin man daga tashoshinsu. Ga amsar masu cewa ƙasar da ke fitarwa ba ta da abin yi.

Ko abincin jarirai bai tsira ba. A 2024 aka auna Cerelac, aka tarar wanda ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙara masa sukari ba, wani iri da ake sayarwa a Sanagal kuwa yana da wajen giram 6 a kowane ci. Amsar kamfanin ita ce yana bin dokar kowace ƙasa. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan ita ce tuhumar.

Akwai dai ranar da ƙasar nan ta nuna abin da ke yiwuwa. A 1988 aka gano durori dubbai na sharar guba, kusan tan 4,000, waɗanda aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, cikin jihar Bendel ta wancan zamani, Delta a yau. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya su suka tona asirin, suka aiko wa jaridun gida da labari. Gwamnati ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Ikko, ta ce sai an kwashe. Aka kuwa kwashe. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauki sharar, Karin B, ya yi ta gararamba a tekun Turai, kowace tasha tana korarsa, su da ke cewa kayan ba su da illa sa'ad da suke Koko. A shekarar aka yi Doka ta 42 mai ɗaurin rai da rai ga mai shigo da sharar guba. A 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel. Da ƙasashen Afirka suka ga ta yi sako-sako, suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da sharar ɗungurungum. Amurka ta sa hannu a ta Basel amma ba ta tabbatar da ita ba. Duk da haka wannan na daga cikin 'yan wuraren da aka sami yarjejeniya mai ɗaure ƙasa, riƙe jirgin da wata ƙasar Afirka ta yi kuwa yana cikin abubuwan da suka taimaka aka same ta.

Yanzu mu juyo gida, domin da ɗan gari akan ci gari. Wane ne ke hawa jirgi ya tafi Guwanzu ko Mumbai ya ce wa mai masana'anta a rage ƙarfin maganin, a bar kwalin yadda yake? Namu ne. Wane ne ke sa hannu kwantena ta wuce ba a buɗe ba? Namu ne. Turamol da ire-irensa da suka haukata samarinmu daga Kano har Obalende ba da ƙafarsu suka zo ba. Mu ma kuma mun yi wa wasu abin da muke kuka da shi. A annobar sanƙarau ta 1995, cikin allurar rigakafin da aka aika Jamhuriyar Nijar daga Nijeriya a matsayin gudummawa aka sami jabu, mutum fiye da 50,000 aka yi wa allurar da ba kome a cikinta. Ba mu da bakin zagin Indiya in muna yi wa Maraɗi da Damagaram haka. Ɗan kasuwar da ya zuba fiya-fiya a wake don kada ya yi asara, ya kuma ware buhun da iyalinsa za su ci, shi ma mai mudu biyu ne, ba abin da ya raba shi da mai dafa farakwat sai girman jari.

Mun kuma ga abin da mutum ɗaya mai zuciya zai iya. Sa'ad da Dora Akunyili ta riƙe hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ba ta tsaya ƙona jabu a bainar jama'a kaɗai ba. Ta sa masu awo a Indiya da Sin su duba kaya tun kafin a yi lodi, ta kuma haramta wa kamfanonin waje da dama shigo da magani. Har harbinta aka yi a Disambar 2003, Allah ya kiyaye. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa NAFDAC ta kai mataki na 3 na ƙwarewa, matakin da ƙasashen Afirka kaɗan suka taka. To, amfanin me wannan ya yi wa Banjul a shekarar? Ƙasar da ke da ɗakunan awo a Ikko da Kaduna, me ya hana ta zama ɗakin awon Afirka ta Yamma duka, a ce duk maganin yara da zai sauka a Banjul ko Firitawun ko Kwatano a aiko da samfur, in an ga guba a yi shela rana ɗaya daga Dakar har Kalaba? Kuɗin da ake kashewa wajen tura tawaga taron Janiba, da otal da guzuri, da an tara na 'yan shekaru da ya sayi na'urorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Ita kanta hukumar, Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga cikinta a Janairun 2025, ta tafi da kuɗinta. Wanda ke jiran a zo daga waje a tsare masa ƙofa zai daɗe yana jira.

An ƙulla yarjejeniyar Hukumar Magunguna ta Afirka a 2019, ta soma aiki a Nuwamban 2021, aka ba Kigali mazauninta. An buɗe kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Janairun 2021. Ku lura da wannan, domin in aka rushe shingen kwastan ba a gina shingen awo ba, ƙofar ƙasa mafi rauni ta zama ƙofar kowa. Abin da ya sauka a Lome gobe yana Anacha, jibi yana Kano. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, amma kwalin magani bai san an fita ba, yana nan yana ratsa Jibiya da Illela. Ko me ya raba shugabanni, wajibi ne masu awon magani na Yamai da na Abuja su ci gaba da ɗaga wa juna waya.

Abin da muke nema wakilanmu su tsaya a kai a duk taron da suka je ba shi da tsawo. Abin da ƙasa ta hana sayarwa a cikinta saboda haɗari, kada ta ba da iznin fitar da shi, a rubuta haka a yarjejeniya mai hukunci, ba a takardar shawara ba. Iyayen da aka kashe wa ɗa su sami hanyar kai ƙarar kamfanin a ƙasarsa, ba sai sun sayar da gona ba. Ƙasar da ta ƙi, a rufe wa kamfanoninta kasuwa, kasuwar mutum fiye da miliyan 200 kuwa ba abin wasa ba ce. In sun dawo daga taron, su tsaya gaban majalisa su faɗi abin da suka nema da wanda ya hana.

Ku kuma da ke zaune a Kurmi, ba ku rasa abin yi ba. Kuna da sarakunan Hausawa, kuna da ƙungiyoyin masu hatsi da masu shanu da direbobi, waɗanda in suka ce kada tirela ta tashi ba ta tashi. Ƙungiyar da ke iya tsayar da lodi saboda harajin kan hanya tana iya tsayar da buhun da ke warin fiya-fiya. Dokar 2018 ta kafa hukumar FCCPC mai karɓar koken mai saye, kuma koken da ƙungiya ta sa wa hannu ba a jefa shi kwandon shara da sauƙi kamar na mutum ɗaya. In yaro ya sha maganin ruwa fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, a ruga da shi asibiti a ranar, a tafi da kwalbar da kwalinta, kada a yar, domin lambar da ke jikinta ita ce za a bi har a kai ga duron. Mai neman ƙuri'a kuma in ya zo Sabo da buhun shinkafa da atamfa, a zaunar da shi a tambaye shi ko ya taɓa jin labarin yaran Banjul, da abin da ya shirya faɗa a majalisa game da kwalbar da aka yi don fitarwa kaɗai.